Tsutsotsin da Suka Ƙi Tsamiyar Gidanmu

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. Duk ranar da na zauna a majalisarmu ta bakin masallacin unguwa a Kusfa, cikin birnin Zariya, sai wani ya ce, "Likitan tsutsa, har yanzu ba ka ba mu labarin ƙasar Faransa ba." Kullum sai in ce lafiya na je lafiya na dawo, in jawo zancen tsadar taki. Ba rowar labari nake yi ba. Labarin ne ba shi da daɗin faɗa, don ni na yi kuskuren da ke cikinsa, kuma ba ni kaɗai kuskuren ya ci ba. Na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya karanta ya gaya wa saura, a bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Shu'aibu, aikina kiwon tsutsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wani ɗakin binciken ƙwari a wajen gari, a ƙarƙashin wani malami da kowa ke kira Dokta. Ni ke ba tsutsotsin ganye, ni ke share musu kashi, ni ke rubuta wadda ta ci da wadda ta ƙi. A gefen bakin kowace tsutsa akwai wasu 'yan tsinkaye ƙanana, ba a ganinsu sai da madubin da ke ƙara girman abu. Da su take ɗanɗano. Kafin ta ciji ganye sai ta taɓa shi da su, idan suka ce a'a, to, a'a ke nan. Kuma ganyen da ta fara ci tun tana ƙarama yakan kama mata baki, ta yadda in ta girma aka kawo mata wani, ko da 'yan'uwanta suna cinsa a wani wuri, sai ta kau da kai. In kuwa aka yanke tsinkayen, komai aka ba ta ci take yi. Hannuna ya yanke su ba adadi. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne ya cuce ni.

Mahaifina, Malam Iro, maɗinkin babbar riga ne, aikin hannu. Yana da wata riga ta saƙi da ya fara shekara bakwai da suka wuce, ba wanda ya sa shi, shi ya ga dama. Ya gama aska takwas ɗin gaba da wuya, saura tambarin baya kawai, sai zare ya ƙare masa. Zaren tsamiya ne, silikin dajin nan mai launin ƙasa-ƙasa. Wata tsutsa mai gashi ce ke yin sa: sukan taru da yawa su saƙa gida ɗaya kamar jaka a jikin itace, a ciro jakar a dafa da ruwan toka, mata su kaɗa. Baba ya ce suna yara jakunkunan nan rataye suke a itatuwan tsamiya na bayan ganuwa, har da wadda ke tsakar gidanmu. Yanzu ko ɗaya babu, fataken da ke kawowa daga gabas su ma sun daina. Rigunan mutane yana yi musu da zaren kanti mai walƙiya, don dole a ci abinci, amma wannan rigar ya rantse zaren kanti ba zai taɓa ta ba.

Sai ga ciwon ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa a hankali. Likita ya ce hawan jinin ido ne, magani sai dai ya rage masa gudu. Ya ja ni gefe ya ce in akwai abin da tsohon yake son gani, a nuna masa bana.

A cikin damina wani mai fataucin shanu ya gaya wa Baba cewa a duwatsun bayan Gaundare, can ƙasar Kamaru, har yanzu mata suna tara jakunkunan. Baba yana da ɗan wani abokinsa a garin, Malam Hamadu tela. Ya rubuta masa wasiƙa da ajami, kowane harafi kamar ƙwayar wake saboda idon, ya haɗa mini da hula ɗaya ta aikin hannunsa.

"Jaka biyu sun ishe ni," ya ce. "Zare na aike ka, Shu'aibu. Kada ka ɗauko mini dabara."

Na yi dariya na ce to. Da na je neman hutu, Dokta ya ji inda za ni, ya ce, "Malam Shu'aibu, in ka samu ƙwansu ka kawo mana mu gwada ko za su zauna a nan. Ƙwai fa na ce." Na ce to, ranka ya daɗe. Amma da zan fita na ɗauki keji ɗaya na katako mai raga, irin wanda muke kiwo a ciki. Na gaya wa kaina ko da za a buƙata ne. Gaskiyar magana, tun daga nan kaina ya fara kumbura.

Daga tashar Zariya na shiga fijo zuwa Jos, mu tara a motar mutum bakwai, kejin a kan cinyata. Lokacin wahalar mai ne, muka yi rabin yini a layi a Saminaka. Wata hajiya mai daddawa da ke gefena ta ce, "Ɗana, aku za ka sayo?" Na ce a'a, Hajiya, tsutsa. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi, ta janye ƙullinta can gefe. Daga nan duk wanda ya tambaya sai in ce aku. Na kwana a Gombe a ɗakin baƙi na tasha, inda kuɗin cizo suka rama wa danginsu duk abin da na taɓa yi musu, washegari na isa Jimeta.

Iyakar da na bi kogi ce. A-kori-kura ta kai mu bakin ruwa, kwale-kwale ya tsallakar da mu. A ƙetare akwai rumfar kwano da wani mai kaki a ciki. Ya yi ta zuba mini Faransanci, ni ina mayar masa da Turanci, kowa yana ɗaga murya kamar ƙarar ce za ta fassara. Wata tsohuwa mai goro ce ta cece ni da Fulatanci. Kejin ne ya tsaya masa a rai: don me mutum zai shigo ƙasa da keji babu komai a ciki? Da tsohuwar ta ce masa tsutsa nake kiwo, kuma albashi ake biyana, sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya gan ni. Suka yi dariya har ta ishe su. Ya sa hannu da birona, ya buga hatimi, ya soke biron a aljihunsa.

Abin da ya fara ɓata mini rai a ƙasar shi ne mai burodi ya ƙi karɓar naira. Ya riƙe ta da yatsa biyu ya mayar mini, mu da muka tashi muna ganin mutanen can suna zuwa ci-rani wurinmu. Burodin ma da na samu bayan na yi canji, dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi, cikinsa iska, kuma a hammata suke ɗaukarsa ba ko takarda. Abu ɗaya na yaba: a tashar Garwa ba a kokawar shiga mota. Sunanka ake rubutawa, a kira ka kamar a aji.

Malam Hamadu a Gaundare aka haife shi, bai taɓa taka Zariya ba, amma ya fi ni sanin sunayen ƙofofinta, ubansa ya haddace masa su. Ya karanta wasiƙar a tsaye a bakin shagonsa, ya ga girman haruffan, ya ɗago kai.

"Idon ya kai haka?"

Na ce ya kai. Ya tambaye ni ko ganuwa tana nan da tsawonta yadda ubansa ya faɗa. Na ce tana nan. Ban gaya masa mutane sun kwashe rabinta sun yi ginin ɗaki ba.

Sun karɓe ni hannu bibbiyu. Matsalar ita ce tuwo. Na rogo suke ci, rogon da aka jiƙa ya kwana uku a ruwa, yana da wani tsami da hancina ya ƙi tun daga nesa, miyar kuma ganyen rogo ne da gyaɗa. Na yi loma biyu don kunya, ta uku ta ƙi wucewa. Kwana huɗu burodi da shayi ne abincina, cikina yana kukan tuwon dawa da miyar kuka. Maiɗakin Malam Hamadu ta aiko a tambaye ni ko a Zariya da zinariya ake tuƙa tuwo.

Ƙauyen da ake tara jakunkunan yana da nisan rabin yini a bayan babbar mota, sannan tafiyar ƙasa. Malam Hamadu ya rufe shagonsa ya raka ni, shi ne bakina. Mutanen manoman rogo ne, kuma a wurinsu tsutsar nan abinci ce. Sukan babbake gashin su soya, ita ake fara kawo wa baƙo. Da aka ajiye mini kwano, sai na ji bakina ya ce azumi nake yi. Malam Hamadu ya dube ni ta gefen ido. Ƙaryar ta jawo mini yini cur ba ko ruwa, ina kallonsa yana cin gasasshiyar masara.

Itatuwan tsutsar na mata ne. Suna bakin wani rafi, masu faɗin ganye, ban san irinsu a ƙasarmu ba. Kowane an ɗaure masa ciyawa a gindi, kowace mace da irin ƙullinta, ba mai taɓa na wata. Matar da aka kai mu wurinta tsohuwa ce siririya, kowa Dada yake ce mata. Ita kaɗai ce ba ta cinye nata, takan bar su su saƙa, kuma itace ɗaya gare ta.

Ta kai mu gindinsa da hantsi. A nan na ga tsutsotsin, sun lulluɓe jikin itacen kamar an shimfiɗa tabarma mai gashi. Can sai ɗaya ta motsa, wata ta sa kai a wutsiyarta, wata ta bi, har suka zama layi ɗaya suna hawa. Shekara goma sha ɗaya ina kallon tsutsa a kwalba, ban taɓa ganin abin da ya burge ni haka ba. Na tsaya baki buɗe, tsamiyar tsakar gidanmu ta faɗo mini a rai.

A gida Dada ta hau kan turmi ta ciro jaka biyu daga rufin ɗaki, na bara, hayaƙi ya yi musu baƙi. Na riƙe ɗaya. Ba nauyi, ga tauri kamar fata. Abin da aka aike ni ke nan, ga shi a hannuna. Na miƙa mata hular Baba, ta juya ta ta ce ɗanta ya samu ta zuwa kasuwa, kuɗi kuwa ba ta karɓa a hannun wanda ubansa ya aiko. Da na tashi a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Sai na ce wa Malam Hamadu ya tambaye ta ko za ta ba ni tsutsotsin.

Ta ce ɗaya za ta iya. In na ɗauki jakunkunan, tsutsotsin za su saƙa mata wasu. In na ɗauki tsutsotsin, jakunkunan za su zame mata gishiri da kananzir. Duka biyu kuwa, sai ta wayi gari hannu rabbana. In zaɓa.

"Amma ka gaya masa," ta ce wa Malam Hamadu, "waɗannan sun riga sun san itacensu. In ƙwai yake so, sai farkon wata damina."

Na ce a gaya mata a ƙasarmu irinsu a jikin tsamiya suke zama, mahaifina ya gani da idonsa.

"Waɗancan a kan tsamiya suka fara ci," ta ce.

Na ce yunwa za ta koya musu. Sai ta nuna kwanon da na ƙi taɓawa, ta faɗi wata magana da ta sa matan wurin dariya. Malam Hamadu bai so fassarawa ba, sai da na matsa. Wai in yunwa tana koya wa mutum cin abin da bai saba ba, ni me ya ramar da ni haka?

Na san gaskiya ta faɗa. Abin da Dokta ya yi shekaru yana tabbatarwa da madubi, ita ta faɗe shi a bakin turmi. Amma na yi nawa tunanin. Mako biyu ko uku ya rage su fara saƙa, gida kuwa kwana huɗu ne. Zan cika buhu da ganyensu, in riƙa haɗa musu da na tsamiya kaɗan-kaɗan har bakinsu ya juya. Su saƙa a tsakar gidanmu Baba yana gani, su hayayyafa, zare ya dawo Zariya ba na riga ɗaya ba. A ƙarƙashin wannan kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba: ina so a ce Shu'aibu mai share kashin tsutsa ne ya dawo da shi.

"Ɗan'uwa," in ji Malam Hamadu, "tsohon nan zare ya rubuta. Na karanta da idona."

"Zai samu zare, har ya ba maƙwabta."

"Allah ya sa," ya ce. Na mayar wa Dada jakar da hannuna.

Dawowar ba ta da abin dariya. Har Garwa lafiya lau, suna ci ina jin ƙarar bakinsu kamar yayyafi. Na fara haɗa musu da tsamiya, sai su cinye nasu tas su bar ta. Na ce farko ne. Da muka iso kogi muka tarar ya cika ya batse, masu kwale-kwale suka ce ba mai shiga. Kwana biyu muka yi a rumfar kasuwa. Mai kakin nan ya gane ni, ya leƙa kejin, ya ɗaga mini babban yatsa. Na riƙa yayyafa wa buhun ruwa don kada ganyen ya bushe, ashe dafa shi nake yi. Ranar da muka tsallaka na zura hannu na ji zafi a ciki, ganyen ya yi baƙi yana wari. Ɗan abin da na tsinta na sama-sama a Jimeta ya ƙare.

A tashar Numan na hau tsamiya mutane suna kallo, na tsinko sabon toho. Na fito da ɗan madubin aljihuna na duƙa. Tsutsa ta zo, ta ɗaga kai, ta taɓa gefen ganyen da bakinta sau biyu, sau uku, sai ta juya. Ta bayanta ta zo ta yi haka. Na gwada mangwaro, na gwada gwaiba, na gwada duk ganyen da hannuna ya kai. Suka ƙeƙasa ƙasa. Ga gashinsu yana tashi a mota, fasinjoji suna susa suna zagina. Daga Gombe aka ce ko kejin ya hau kan mota ko mu sauka tare. Ya hau, aka kuma yi ruwa a hanya.

Na shiga Kusfa da la'asar. Baba yana zaure, ya matso da tabarmarsa bakin ƙofa inda haske yake, rigar a cinyarsa. Ashe ya ciro ta tun mako guda, ya zana tambarin da alli, ya sa an nemo tsohuwar da za ta kaɗa zaren. Bayan gaisuwa ya miƙo hannu.

"Ina su?"

Na ajiye kejin a gabansa na fara bayani. Na yi magana mai tsawo, har da Turanci a ciki, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya shafa ragar, ya kawo idon damansa kusa.

"Ka ga jakunkunan?"

"Na gani, Baba."

"Ka riƙe su a hannunka?"

"Na riƙe."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya naɗe rigar ya ce, "To, kai su jikin itacen mu gani. Halittar Allah ce, yunwa suke ji."

Kusan rabi sun mutu a hanya. Sauran na zuba su a kan reshen tsamiyarmu mai sabon ganye, mutanen gida suka taru. Suka yi ta zagaye, suna taɓawa suna ɗaga kai. Can sai suka yi layin nan nasu da ya burge ni a bakin rafi, amma ƙasa suka nufa. Suka sauko, suka bi tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, suka wuce murhu, suka doshi bakin magudana. Itacensu suke nema, a cikin birnin Zariya. Kafin in ankara kaji sun faɗa musu. Ina kora ina tsinta, hannuna yana ƙaiƙayi, Baba yana tsaye yana tambaya, "Sun hau? Sun fara ci?"

Washegari na kai arba'in da 'yan kai da suka rage wurin aiki. Dokta ya leƙa, ya dube ni. "Ƙwai na ce, Malam Shu'aibu." Sai ya ba ni madubinsa mai kyau. Kwana biyu ina yanke tsinkayen ɗaya bayan ɗaya. Aiki ya yi. Suka faɗa wa tsamiya suka cinye, suka fara cin takardar da ke ƙasan kwanon. Da na gaya wa Baba yadda na yi, sai ya ce, "Wato yanzu suna ci, amma ba su san abin da suke ci ba." Na ce haka ne. Ya ce, "Allah sarki."

Sai dai kafar da zaren ke fitowa tana nan kusa da tsinkayen. Ko hannuna ne ya yi rawa, ko yunwar hanya ce ta riga ta gama da su, ban sani ba. Suka riƙa mutuwa biyu-biyu, uku-uku. 'Yan da suka kai lokacin saƙa ba su taru ba, kowace ta ja wani siririn abu kamar yanar gizo a kusurwa ta mutu a ciki. Duk na tattara, bai cika cokalin shayi ba.

Ban gaya wa Baba ba. Kullum ya tambaya sai in ce suna nan suna saƙa. Na aika wa Malam Hamadu wasiƙa ta hannun wani direba, amsa ta yi wata biyu kafin ta zo. Dada ta sayar da jakunkunan, itacenta kuma babu komai bana, tunda na kwashe. Bai rubuta wannan don ya soke ni ba, amma ya soke ni. Idon Baba kuwa bai jira kowa ba. Ya koma gane mutum da murya. Duk da haka ya ce tambari hannunsa ya san hanya, in dai za a zura masa allura.

Sai na yi abin da ya fi kuskuren farko muni. Na sayi zaren kanti mai ruwan madara, na jiƙa shi a shayi, na dafa da toka, na murza shi a dutse har walƙiyar ta mutu. Da ya bushe ni kaina sai da na yi mamaki. Na ce a raina mai ido biyu ma ba zai gane ba, balle wanda bai da ko ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi na kai masa a zaure. Na ce ga abin da suka saƙa, an dafa an kaɗa. Fuskarsa ta yi haske yadda na daɗe ban gani ba. Ya ce a ciro rigar. Ya shimfiɗa bayanta a gwiwarsa, ya lalubo tsakiya, ya warware zaren ya ja kamu ɗaya. Sannan ya yi abin da kowane maɗinki yake yi kafin a zura allura, abin da na gani sau dubu amma na manta. Ya sa bakin zaren a bakinsa don ya jiƙa shi.

Bai fitar ba. Ya riƙe shi a kan harshe, fuskarsa tana wajen ƙofa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ya zaro shi a hankali, ya nannaɗe, ya lalubo hannuna ya sa mini a tafi.

"Ni ba a yanke mini nawa ba, Shu'aibu," ya ce.

Na durƙusa na ce ya yafe mini. Na yi kuka, da gemuna da 'ya'yana uku, kuma ba na jin kunyar rubutawa. Ya bar ni na yi, yana naɗe rigar yadda ya saba. Ya soke allurar a inda tambarin zai fara, ya ɗora mini rigar a cinya.

"Na yafe. Kai ɗakinka ka ajiye. Dama taka ce, na so in gama ne sannan in gaya maka."

Masu tambayata yadda Kamaru take, ga shi na faɗa. Burodinsu dogo ne, a tasharsu ana kiran suna, mutanensu sun yi mini alheri, kuma sun gaya mini gaskiya ban ji ba. Baba yana nan a zaure, ba ya matsowa bakin ƙofa yanzu, don ko'ina ɗaya ne a wurinsa. Rigar tana cikin akwatina. Gabanta babu irinsa a Kusfa, bayanta kuwa zanen alli ne kawai da allura a soke.